A fasa asusu ko a yi ba ni gishiri in ba ka manda? Yadda kulob ɗin besbol ke gyara 'yan wasansa

Wani ƙanina ne a gida ya kamu da son besbol ta waya, ban san ma yadda aka yi ba, don wasan da ake farawa ƙarfe bakwai na yamma a nan Niyok su can dare ya riga ya tsala. Kwanaki ya turo min saƙo, wai "Yaya don Allah raba mana gardama, kulob ɗina yana da rami biyu, babu mai jifa na kirki kuma babu mai duka mai ƙarfi, wasu na cewa a fasa asusu a sayo babban ɗan wasa, wasu na cewa a ba da yara a karɓo wanda ya riga ya ƙware, wanne ne daidai?" Na fara ba shi amsa a taƙaice naga abin ba zai taƙaitu ba, shi ne na zauna na rubuta wannan.

Ƙanina, fara cire tunanin ƙwallon ƙafa daga kanka tukunna. A can Real Madrid zata kirga wa wani kulob miliyoyi ta ɗauke ɗan wasa, shikenan. A MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ba haka ake yi ba. Kulob 30 ne, wasa 162 kowace kaka, mutum 26 ke cikin tawagar da ke buga wasa, 40 ke cikin babbar rajista. Yaron da ya shigo sabo kulob ɗinsa ne ke da iko da shi har sai ya cika shekara shida yana bugawa. Ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi ake ba shi, dala 760,000 a 2025, ukun baya kuma albashin na hawa ta hanyar alƙalan sasanci, sai bayan shidan nan ya zama firi ejen, mai zaman kansa, ya je inda ya ga dama. In ka gane wannan ka gane rabin kasuwar, don abin da ake ciniki a kai a gaskiya shekaru ne, shekara nawa zaka riƙe mutum kuma a kan nawa.

Abu huɗu nake dubawa. Tsada, kuma ba kuɗi kawai ba, har yaran da zaka bayar da harajin da zai hau kanka. Ɗorewa, wato shekara nawa zai yi maka, kuma waɗanne shekaru ne na rayuwarsa, na ganiya ko na gangara. Sauƙi, wato mutum nawa ne sai sun ce eh kafin abin ya tabbata. Sai kasada, in abin ya kwaɓe akwai ƙofar fita ko babu.

Sayen firi ejen

Wannan ita ce hanyar da magoya baya suka fi so don babu wanda ake rabuwa da shi, kuɗin mai kulob ne kawai ke ciwo. Ba na manta daren Lahadin nan na Disamba 2024, muna zaune wajen cin abinci a Bronx, ba nisa da inda jirgin ƙasa mai lamba 4 ke wucewa ta gefen filin Yankees, wani ya ɗaga waya ya ce Juan Soto ya bar Yankees ya tafi Mets, ɗayan kulob ɗin Niyok, shekara 15, dala miliyan 765. Wurin ya yi tsit, wani dattijo da ke sanye da hular Yankees ya cire ta ya ɗora a gwiwa yana ta kallonta kamar ita ta yi laifin. Yankees sun taya miliyan 760 a shekara 16 fa, ba rowa suka yi ba, an fi su ne kawai. To kaga matsalar sauƙi kenan, ko kana da kuɗin sai shi ya zaɓe ka.

Tsadar kuma ba ta tsaya a lambar da ake bugawa a labarai ba. MLB ba ta da iyakar albashi amma tana da haraji, in jimillar albashinka ta haura wani layi, dala miliyan 241 a 2025, zaka biya kashi 20 cikin ɗari na abin da ya hau, shekara ta biyu a jere 30, ta uku 50, kuma in ka yi nisa sosai sama da layin abin na iya kaiwa 110. Ma'ana a wannan matakin duk dala ɗaya da ka ba ɗan wasa sai ka ƙara fiye da dala ɗaya ga hukuma. Shi ya sa Dodgers suka yi dabarar nan da Shohei Ohtani a Disamba 2023, miliyan 700 a shekara 10 amma miliyan 2 kacal yake karɓa duk shekara, sauran 680 ajali ne daga 2034 zuwa 2043, sai lissafin haraji ya sauko wajen miliyan 46 a shekara maimakon 70. Sannan in tsohon kulob ɗinsa ya yi masa tayin shekara ɗaya na ƙa'ida ya ƙi, kai da ka ɗauke shi sai ka rasa wani gurbi a zaɓen sabbin yara.

Ɗorewa fa? A takarda babu kamarta, shekara bakwai, goma, sha biyar. Amma yawancinsu suna zuwa kasuwa ne suna da shekara 29, 30, 31, kana biyan aikin da suka yi wa wani ne jiya. Soto ya bambanta don yana da 26 ya fito, shi ya sa kuɗin ya haukace. Kuma kwantiragin besbol tabbatacce ne, ko mutum ya karye ko ya daina ganin ƙwallo sai an biya shi har kwabon ƙarshe. Disamba 2019 mutum biyu da suka ci kofi tare a Nationals kowa ya samu miliyan 245 na shekara bakwai. Stephen Strasburg ya ci gaba da zama a Nationals, wasa 8 kacal ya sake jifa a ciki kafin ya yi ritaya. Anthony Rendon ya tafi Angels, bai taɓa buga wasa 60 a kaka ɗaya ba, 2025 ma ko sau ɗaya bai fito ba. Tab.

Amma kar ka ce ba ta aiki. Rangers sun sha kashi sau 102 a 2021, suka zuba rabin biliyan kan mutum biyu, Corey Seager miliyan 325 da Marcus Semien 175, shekarar farko mutane na ta dariya don har yanzu kashi suke sha, ta biyu 2023 suka ɗauki World Series, wato kofin ƙarshe na gasar, na farko a tarihinsu kuma Seager ne gwarzon gasar. A wannan 2023 ɗin dai Mets sun fi kowa kashe kuɗi suka ƙare da nasara 75, kashi 87.

Musaya

Nan ne nake so ka nutsu, don iri biyu ce kuma mutane na haɗa su wuri ɗaya.

Akwai haya. Ƙarshen Yuli ko farkon Agusta ake rufe kasuwar musaya, kulob ɗin da suka ga babu inda za su je bana sai su fito da 'yan wasan da kwantiraginsu zai ƙare, kai kuma da kake hangen wasannin Oktoba na neman kofi ka karɓa na wata biyu ko uku. Misalin da nake so shi ne Braves a 2021. Babban ɗan wasansu Ronald Acuña ya ji ciwo a gwiwa a Yuli, kowa ya ce sun gama, sai suka shiga kasuwa suka kwaso mutum huɗu da babu wanda ke rububinsu, Joc Pederson, Adam Duvall, Jorge Soler, Eddie Rosario. Soler a lokacin ko kashi 20 cikin ɗari na dukansa ba ya shiga, Rosario kuma jinya ma yake. Ƙarshenta Rosario ne gwarzon zagayen kusa da ƙarshe, Soler gwarzon World Series, kuma abin da suka bayar a kai duk bai taka kara ya karya ba. Cubs kuma a 2016 sun biya da tsada, suka ba Yankees yaronsu mafi daraja Gleyber Torres don Aroldis Chapman ya yi musu 'yan watanni, suka ci kofin da rabonsu da shi tun 1908, Disamba na yi Chapman ya tattara ya koma Yankees. Tambayi duk wani ɗan Cubs ko yana da-na-sani, dariya zai maka.

Sai musayar mai sauran shekaru, ita ce mai cin yara. Soto dai zan sake kawowa don shi kaɗai ya bi ta kowace ƙofa. Agusta 2022 Nationals suka miƙa shi Padres yana da sauran kaka biyu da rabi, suka karɓi mutum shida, ciki har da CJ Abrams, MacKenzie Gore da James Wood, kuma duk ukun nan sun zo sun shiga wasan taurari. Padres suka kai zagayen kusa da ƙarshe a 2022, a 2023 ko Oktoba ba su gani ba, Disamba suka tura shi Yankees yana da saura shekara ɗaya, suka karɓi Michael King da wasu huɗu, ɗaya daga ciki ma Drew Thorpe suka juya shi suka samo Dylan Cease. Kaga yadda farashin ya faɗi daga kaka biyu da rabi zuwa ɗaya, mutum ɗaya ne, ƙwarewa ɗaya, shekarun ne kawai suka ragu. Mu kuma a Yankees ya buga homron 41, wato dukan da ke fitar da ƙwallo ta bayan katangar fili, ya kai mu World Series, Dodgers suka doke mu 4 da 1, ya tsallaka gada ya tafi.

Ta fuskar sauƙi musaya ta fi sayen firi ejen, don ɗan wasan ba shi da ta cewa, shugabannin kulob biyu ne za su daidaita a waya, shi sai dai ya ji labari ya haɗa kaya. Sai dai in akwai sharaɗin hana musaya a kwantiraginsa, ko ya yi shekara 10 a gasar kuma biyar na ƙarshe a kulob ɗaya, to wannan sai da yardarsa. Kuma ba a musayar guraben zaɓen yara kamar yadda ake yi a ƙwallon kwando, in ban da 'yan ƙalilan na musamman, don haka mutane zaka bayar ba takarda ba.

Kasadar kuwa ba ta bayyana da wuri, sai bayan shekara uku huɗu zaka ji zafin. White Sox a 2016 sun ba Padres wani yaro ɗan shekara 17 da ko wasa ɗaya bai buga musu ba don su samu tsohon mai jifa James Shields, yaron nan shi ne Fernando Tatis Jr. A shekarar dai Dodgers, duk da wayonsu, suka ba Astros Yordan Alvarez don wani mai jifa Josh Fields. Amma ka riƙe wannan ma, yawancin yaran da ake kuka a kansu ranar musaya ba a sake jin ɗuriyarsu, waɗanda suka fashe ne kawai ake tunawa. Red Sox sun ba da Mookie Betts a Fabrairu 2020 suka karɓi Alex Verdugo, Jeter Downs da Connor Wong, Dodgers kuma suka ɗaure shi da miliyan 365 na shekara 12 tun kafin ya buga musu wasa na gasa, kofi uku suka ci da shi, 2020, 2024, 2025. Ni a wajena wannan ita ce musayar da ta fi kowacce, ka karɓo sannan ka ɗaure, in ba zaka iya ɗaurewa ba to ka san haya ka yi ko da sunanta ba haya ba.

Ɗaure naka tun da wuri

Ba a cika lissafa wannan cikin gyaran tawaga ba amma ni ina lissafawa, don toshe ramin da bai riga ya buɗe ba ma gyara ne. Afrilu 2019 Braves suka ba Acuña miliyan 100 na shekara 8 yana da 21, Ozzie Albies kuma miliyan 35 na shekara 7. A 2023 Acuña ya buga homron 41 ya saci tasha 73, wato ya sheƙa zuwa tasha ta gaba ba tare da an doki ƙwallo ba, aka ba shi gwarzon shekara, a kan albashin da ko rabin na manyan kasuwa bai kai ba. Blue Jays kuwa suka tsaya jira da Vladimir Guerrero Jr. har saura 'yan watanni ya fita, Afrilu 2025 sai da suka ajiye miliyan 500. Araha ce in ka yi sammako, ɗorewa kuma babu kamarta don shekarun ganiya kake saye. Matsalar sai ya yarda. Soto ya ƙi miliyan 440 daga Nationals a 2022, wakilinsa Scott Boras an san shi da kai mutanensa kasuwa, kuma lissafinsu ya fita. In kuma ka yi kuskuren mutum, kamar Phillies da Scott Kingery da suka ba miliyan 24 tun bai buga wasa ko ɗaya ba a 2018, asara ce amma ba mai rusa gida ba.

Ƙetare

Hanya biyu ce nan ma. Yaran Dominika da Venezuela ana sa musu hannu tun suna 16, kowane kulob da 'yan miliyoyin da aka ƙayyade masa a shekara. Soto miliyan 1.5 aka ba shi a 2015, Acuña dala 100,000 a 2014, ka kwatanta da 765. Amma shuka ce ta shekara huɗu biyar, kuma a cikin yara ashirin in ɗaya ya fito ka gode Allah, ba maganin ramin bana ba ce.

Japan kuma ƙwararru ake samowa, amma sai ka biya kulob ɗinsu ladan saki, wannan ne kaɗai ya yi kama da ƙwallon ƙafa. Dodgers sun ba Yoshinobu Yamamoto miliyan 325 na shekara 12, ga wajen miliyan 50.6 daban ga Orix Buffaloes, tun bai taɓa jifa a Amurka ba. Ya biya kuɗinsa a 2025, nasara uku a World Series kan Blue Jays, har da fitowa a wasa na bakwai washegarin ranar da ya yi jifa. Wanda bai kai 25 ba kuma dokar yara ce ke hawa kansa, shi ya sa Roki Sasaki ya zo a miliyan 6.5 kacal, amma irin wannan kulob da yawa ne ke layi shi yake zaɓa. Kasadar ita ce ƙwallon ba iri ɗaya ba ce, kuma can sau ɗaya a mako suke jifa. Yankees sun kashe miliyan 46 kan Kei Igawa a ƙarshen 2006, wasa 16 ya buga.

Gwanjo

Waɗanda aka sallama, waɗanda aka manta. Dodgers sun tsinci Max Muncy a 2017 bayan Athletics sun sake shi, 2018 ya buga homron 35. Akwai kuma zaɓen Rule 5 duk Disamba, dala 100,000 ka ɗauki wanda wani kulob bai saka a rajistar 40 ba, da sharaɗin ya zauna a babbar tawagarka kaka guda cur ko ka mayar a rabin kuɗi. Ta nan Orioles suka samu Anthony Santander a 2016, wanda ya buga homron 44 a 2024. Kusan kyauta ne, in bai yi ba ka sake shi gobe, amma goma zaka gwada kafin ɗaya ya kama.

| Hanya | Tsada | Ɗorewa | Sauƙi | Kasada |
|---|---|---|---|---|
| Firi ejen babba | Kuɗi masu yawa, ga haraji | Doguwa, amma wutsiyar gangara ce | Sai ya zaɓe ka | Babba, babu ƙofar fita |
| Haya a Yuli | Yara kaɗan | Wata 2 zuwa 3 | Mai sauƙi | Matsakaiciya |
| Musayar mai shekaru | Manyan yaranka | Shekara 2 zuwa 4 | Sai kana da abin bayarwa | Babba, a baya take fitowa |
| Ɗaure naka | Araha in da wuri | Mafi tsawo, shekarun ganiya | Sai ya yarda | Ƙarama |
| Yaran ƙetare | Araha sosai | Shekara 6 in ya fito | Sai da masu ido da haƙuri | Yawanci ba sa fitowa |
| Ƙwararren Japan | Kuɗi, ga ladan saki | Doguwa | Gasa mai zafi | Matsakaiciya zuwa babba |
| Gwanjo | Kusan kyauta | Ba tabbas | Mafi sauƙi | Kusan babu |

To wa ya dace da me. In kulob ɗinka mai kuɗi ne kuma ginshiƙan suna nan mutum ɗaya ko biyu suka rage, sayi firi ejen ka bar yaranka, shekarun ƙarshen kwantiragin ka ɗauka zakka ce ka fitar. In Yuli ta yi kana saman tebur ko dab da shi, yi haya, amma irin ta Braves, ka toshe ramuka da yawa da araha, kar ka ba da yaronka na ɗaya sai in yunwar kofin ta kai ta Cubs. In kuɗinka matsakaici ne kuma kana da yara jibge har wasu ba su da wurin bugawa, musayar mai sauran shekaru ce taka, musamman mai jifa, don masu jifa a kasuwar firi ejen tsada gare su ga saurin lalacewar gwiwar hannu. In kulob ɗin talaka ne, ɗaure naka tun yana shekarar farko ko ta biyu, ka zauna a gwanjo, wanda ya ƙi ɗauruwa kuma ka sayar da shi yana da saura shekara biyu, ba ɗaya ba. In kuma kana ƙasan tebur, kai ne mai sayarwa a Yuli, kar kunya ta hana ka.

Kai kuma ƙanina, rami biyu ka ce min amma ba ka faɗa min abin da ke kewaye da ramukan ba. Je ka duba manyan 'yan wasanku uku, shekarunsu nawa kuma saura kaka nawa kowa ya fita. In duk suna ƙasa da 29 kuma da sauran shekara uku a hannu, ni zan ce a ba da yara a karɓo mai jifa, mai dukan kuma a saye shi a kasuwa na shekara ɗaya ko biyu. In biyu daga ciki za su fita baɗi to maganar ta canza gaba ɗaya. Turo min sunayen in ka tashi daga barci.